Zamanin Eiso da Sunan 'Yata

Ni dai shekarun Katsina suka kai ni Landan, ba na Japan ba. Wannan nake so a fara sani, don har yau akwai masu tare ni suna cewa, "Malama Bilkisu, ashe Japananci kika je karantowa?" Ban je ba. Tura ni aka yi.

Tarihi nake koyarwa a wata kwaleji a jiharmu. Na sami tallafin yin digiri na uku a kan yadda kakanninmu suke sa wa shekaru suna, irin su shekarar fara, shekarar kwalara, shekarar da aka canza kuɗi. Sharaɗin masu tallafin shi ne, shekarar farko gwaji ce. In na tsallake kwamitin ƙarshen shekara, za su tabbatar mini da sauran, sannan in sami damar ɗauko iyalina. Iyalin nawa kuwa mutum ɗaya ce: Nawal, 'yar shekara huɗu, wadda na bari a Funtuwa wurin Inna, mahaifiyata. Ni da babanta zama ya ƙare tun tana goye. Wanta da na fara haifa bai kai yaye ba Allah ya karɓi abinsa. Ita ma Nawal ɗin, damina ba ta taɓa wucewa ba mu kwanta asibiti ba. Saboda haka duk abin da za ku ji na haɗiye a garin nan, ba don takarda na haɗiye shi ba. So nake in ɗauko yarinyata ta dawo kusa da ni, inda babu sauro.

Zangona na farko Lewisham ne, wata unguwa a Landan. Tun ina gida wata ƙawata ta haɗa ni da wani Alhaji Ɗanliti, wai mutumin kirki ne, ɗan gida, yana da flat da yake ba ɗalibai haya. Ya turo mini bidiyo, falo da labule har ƙasa, kicin sai ƙyalli yake. Da na iso da akwatunana, sai ya bi da ni ta bayan shagonsa na kayan abinci, muka hau wani matsattsen bene, ya buɗe ɗaki. Rabinsa katan-katan ne na busasshen kifi da jarkokin manja, rabin kuma katifa.

Na ce, "Alhaji, ina falon da na gani?"

Ya ce, "Ai gidana ne na nuna miki, Hajiya, don ki ga irin tsaftarmu."

Wallahi ko ƙifta ido bai yi ba.

Na zauna, don ba ni da inda zan nufa. Kayana kaf suka ɗauki ƙarnin kifi, har in na zauna a tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, sai in ga na kusa da ni ya muskuta. A 'yan watannin da na yi a wurin, sau biyu allon shagon yana sauya suna. Ma'aikatan council, wato hukumar unguwar, za su zo su leƙa firiza, su yamutsa fuska su tafi, kafin ka ce me sai ga mai fenti a kan tsani. Kifin nan dai shi ne, ɓerayen su ne, Alhajin ma shi ne. Na tambaye shi, ya ce, "Hajiya, wancan kamfanin ai an yi closing ɗinsa. Wannan sabo ne fil, bai yi wa kowa laifi ba."

Ina fama da wannan sai ta biyu ta faɗo mini. Baturen malamin da ya karɓe ni, wanda saboda shi na zaɓi makarantar, ya sami aiki a wata ƙasa ya tattara ya tafi. Ɗan gajeren saƙo kawai na gani, har da yi mini fatan alheri. Sashen suka duba suka ce mutum ɗaya ce ta rage da ke aiki a kan lissafin shekaru, sai dai in koma hannunta.

Haka na tsinci kaina a Marylebone, a saman wani tsohon gini tsakanin asibitocin masu kuɗi, gaban wata tsohuwa 'yar Japan, 'yar firit da ita, kai fari fat. Kowa Sensei yake ce mata, wato Malama a harshensu. Ba ta ɗaga murya, ba ta ɓata rai, ba ta kuma yabo. Ni kuwa na fi son a daka mini tsawa in san inda na dosa. Ta saurare ni na zuba mata shekarun Katsina tun daga farko har ƙarshe, sannan ta ce da Turancinta mai sanyi, "Kin yi kusa da naku da yawa. Bana ki rubuta mini babi ɗaya a kan zamani ɗaya na ƙasarmu. Shi za ki kai wa kwamiti."

Oh ni Bilkisu! Abin da na sani game da Japan bai wuce mota da babur ba.

Ga yadda abin yake. A can ba sa ƙirga shekaru a miƙe kamar yadda muke yi daga Hijira. Fada ce ke sa wa zamani suna, a ce shekara ta ɗaya ta zamani kaza, ta biyu, ta uku. A da kuwa ba sai sarki ya mutu ake sauyawa ba. In gobara ta ci fada, ko annoba ta shigo gari, ko ƙasa ta girgiza, sai a soke sunan a sa sabo, a koma ƙirga daga ɗaya, ko da a tsakiyar shekara ne. Sai ka ga shekara guda ta tashi da suna biyu, safiyarta wani, yammacinta wani. Malaman fada ke tono sunaye daga tsofaffin littattafan Sin, manyan fadawa kuma su zauna su yi ta kushe su ɗaya bayan ɗaya: wannan harafin ya yi kama da na wuta, wancan wani sarki ya taɓa amfani da shi bai ƙare lafiya ba. Wanda ya sha suka bai faɗi ba shi ake ɗauka.

Zamanin da Sensei ta ba ni sunansa Eiso. Sama da shekara dubu ke nan, lokacin sarkinsu yaro ne ƙarami. Tauraruwa mai wutsiya ta fito, hankalin birnin sarauta ya tashi, aka zauna aka yi wannan dogon zaɓe, aka fito da Eiso, wato sarauta mai dawwama. Ko mako ba a rufa ba wata irin iska ta taso, ta kayar da ƙofofin fada da ɗakunan ibada da gidajen talakawa. Me kuke tsammani suka yi? Shekara na zagayowa suka sake zama, suka sake sauya suna. Sarauta mai dawwamar nan shekara ɗaya da 'yan watanni ta yi.

Da na gama karantawa dariya ta kama ni a ɗakin kifi. Na ce ai na san mutanen nan, ƙasan ɗakina ɗayansu yake. Na zauna na rubuta babi mai zafi, cewa sauya suna dabarar masu mulki ce ta guje wa laifi, kifin shi ne, allon kawai ake fentewa.

Ashe Sensei irin zaman fadawan nan take yi wa ɗalibanta. Za ta tara mu mu kewaye tebur, ka karanta abin da ka rubuta, kowa ya kawo aibinsa, ba a yarda a yaba ba, kai kuma ba ka da bakin kare kanka sai an gama. Yara ƙanana, waɗansu na girme su nesa ba kusa ba, suka yi mini kaca-kaca. Ita kuma da aka gama ta dube ni ta ce, "Mai shagonki wa yake yaudara?"

Na ce, "Council."

"Su kuma fadawan wa suke yaudara? Rufin gidajensu ne iskar ta ɗauke."

Ta mayar mini da takarduna da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Rusunawar nan ta fi komai ƙona mini rai.

A kasuwar Lewisham Allah ya kawo mini sauƙi. Ina tsaye gaban mai kuɓewa ina waya da ƙawar nan tawa, ina wanke ta tas a kan Alhajinta, sai na ji an dafa ni ta baya. Wata mata ce mai jiki, da rigar asibiti a ƙarƙashin kwat. Ta ce, "Ƙanwata, rage murya, duk titin nan akwai masu jin Hausa. Wane Alhajin ne? Mai kifi?" Sunanta Anti Rifkatu, 'yar Kafanchan, nas ce, ta daɗe a ƙasar. 'Yarta ta yi aure ta bar mata ɗaki a Dagenham. Ranar Asabar ta zo da motarta muka kwashe kayana, Alhaji yana tsaye bakin sabon allonsa yana cewa ai da na yi haƙuri za a yi gyara.

Dagenham akwai nisa, tafiyar kamar za ka bar gari, amma na sami gado mai ƙamshin sabulu da mai ce mini sannu da zuwa. Matsalar Anti ɗaya ce, tsokana. Tunda na ba ta labarin Eiso ta samu abin yi. Ranar da na'urar ɗumama gidan ta mutu a tsakiyar hunturu, muna zaune cikin barguna muna karkarwa, sai ta miƙe ta ɗaga ludayi ta ce, "Jama'ar gidan nan ku saurara! Daga yau an yi cancel ɗin Zamanin Ruwan Sanyi. Mun shiga Zamanin Ɗumi Mai Dawwama!" Mai gyara bai zo ba sai da muka kusa daskarewa. In tuwo ya kama, sabon zamani. In motarta ta ƙi tashi, sabon zamani. Tana dariya har da hawaye, ni kuwa ina lissafin watannin da suka rage mini.

Na koma wurin Sensei da babi na biyu. Na ce siyasa ce, kakan yaron na wajen uwa shi ke riƙe da ƙasa, yana son nuna wa kowa cewa har shekara sai da izininsa take amsa suna. Aka kushe. Na koma da na uku, na ce kwaikwayon mutanen Sin ne kawai. Aka kushe. Na koma na ce to camfi ne, camfi tsagwaronsa, mutane ne da ba su san ilimin taurari ba. Ranar kam har da buga tebur.

Ta ce, "Duk akwai gaskiya a ciki, kuma duk suna cikin littattafai tun kafin a haife ki. Amma mutanen nan da idonsu suka ga iska ta zo bayan sun sauya suna. Ba wawaye ba ne. Me ya sa suka sake?"

Na ce, "Sensei, ke da kika sani ki faɗa mini mana!"

Ta ce, "In na faɗa miki, babina ne za ki kai wa kwamiti. Wannan kuma ba zan sa masa hannu ba tukuna."

In ba ta sa hannu ba babu kwamiti, in babu kwamiti babu Nawal. Na sauko daga benen nan ina magana ni kaɗai kamar sabon kamu. Wai ni da na baro 'yata a wata duniya, an zaunar da ni ina tunanin abin da ke zuciyar wasu fadawa masu dogayen riguna da suka mutu tun kafin a gina ganuwar garinmu. Ina ruwana da su? Ina ruwansu da ni?

Bazararsu ta shigo, wato daminarmu. An sa ranar kwamiti, babi bai samu ba. Inna kuma ta fara ce mini jikin Nawal yana ɗan zafi, an ba ta magani, ya sauka, ya dawo. Wata Lahadi da rana na kira su ta bidiyo, na ce a ba ni ita. Sai na ji Inna ta juya ta ƙwala kira, "Ajuji! Zo ga uwarki."

Na ce, "Inna, wace ce Ajuji?"

Sai ga Nawal ta taho da gudu, ta rame, idanun sun yi zuru-zuru.

Na san sunan sarai, ai aikina ne. Suna ne da mutanenmu na da suke sa wa yaron da aka haifa bayan na gabansa sun rasu. A ɗauke shi da safe a ajiye a kan juji, wata maƙwabciya ta zo ta tsince shi, a nuna kamar ba wanda ya damu da shi, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Abin da Inna ta yi ke nan. Da zazzaɓin ya dawo, ta kama hannun yarinya 'yar shekara huɗu, da takalminta da komai, ta zaunar da ita a kan jujin bayan gida, maƙwabciyarmu ta zo ta ce ta tsinci 'ya.

Raina ya yi mugun ɓaci. Na ce, "Haba Inna! 'Yata a kan bola? Sunan da na zauna na zaɓa mata mai daɗi, ki mayar da ita shara? Wannan camfi ne, malamai sun hana, kuma ke ma kin sani. Ina nan ina fama da masu irin wannan aikin a takarda, ashe ga su a cikin gidanmu!"

Inna ta bari na gama tsaf. Ta ce, "To, Allah ya ba da lada." Ta kashe wayar.

Na faɗa wa Anti Rifkatu ina huci, ina jiran ta ɗaga ludayi. Ba ta ɗaga ba. Tambayata ta yi wane magani aka ba yarinyar, kuma an auna jininta ko ba a auna ba.

Ko mako ba a rufa ba aka kira ni. Ina kan benen Sensei, zan hau da wani babin da ni kaina na san ba shi da rai. Nawal ta yi jijjiga, an kai ta asibiti, jininta ya yi ƙasa sosai. Na zauna a kan matattakala. Na buɗe waya zan yi booking ɗin jirgi, na kasa. Na kira Anti tana wurin aiki. Ta ce in ba ta lambar wanda ke kusa da likitan. Bayan ɗan lokaci ta kira ni ta ce, "An samu jini, ana ƙara mata yanzu. Abin da za a yi mata a nan ma ke nan. Ƙanwata, in kin tafi ba zan hana ki ba, amma kafin ki sauka an riga an san yadda za ta kasance. In kuma kika rasa kwamitin nan, daminar baɗi ma a can za ta same ta."

Gaskiya ta faɗa, na kuma ji haushinta a kan gaskiyar.

Na kira Inna. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "To ga sunan naki nan, Inna. Me ya tsare?"

Na ji ƙarar fankar asibiti ta cikin wayar. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, kin zaci ban san Allah ke rayawa ba? Tun kafin ki san alif na sani. Likita yana nasa, ga jini nan yana shiga. Liman yana nasa, na aika masa. Sadaka na yi, ƙosai har ƙofar masallaci. Na gama duk wannan na dawo na zauna ina kallon yarinya tana ci da wuta, hannuwan nan nawa biyu babu abin da suka iya. To me kike so in yi da su?"

Na ce, "In bai yi ba fa?"

"Sai in sake mata wani. Ba dai zan zauna ba."

Sai ta ce, "Taɓa kunnenki na hagu."

Akwai wata 'yar tsaga a gefen kunnena, tun tasowata nake ganinta. An ce mini ɗan kunne ne ya maƙale a zani ya yage ni ina rarrafe.

Inna ta ce, "Uku aka ɗauka daga cinyata aka fita da su kafin ke. Da kika zo, kakarki ce ta kai ki jujin nan dai na bayan gida, wanzami ya ɗan taɓa kunnen. Da kika shiga boko na ga kina da jin kai, sai na ce ɗan kunne ne."

Na ce cikin kuka, "Inna, don Allah kar a taɓa mata kunne."

Ta ce, "Ke tafi can. Wa ke yin wannan yanzu? Suna ne kawai."

Ina nan zaune riƙe da kunne kamar wadda aka yi wa horo a makaranta, sai na ji an buɗe ƙofa a sama. Sensei ce. Ta sauko a hankali ta dube ni, ba ta tambaye ni komai ba, ta koma ta dawo da kofi. Koren shayinsu ne, mai ɗaci kamar ruwan shuwaka. Ta tattara siket ɗinta ta zauna kusa da ni a kan matattakalar, tsohuwa da ita, ɗalibai suna raɓa mu suna wucewa. Na shanye. Da za ta tashi ta dubi takardun da ke cinyata ta ce, "Wannan ki bar shi sai kin sami labari."

Labarin ya zo a hankali. Jijjigar ba ta dawo ba. Zafin ya sauka. Wata safiya Inna ta kira ta ce mutuniyar ta farka tana rigimar sai an ba ta fura, kuma ba za ta sha a kofin asibiti ba. Anti Rifkatu ta durƙusa a tsakiyar kicin ta yi tata godiyar, ni na shimfiɗa darduma na yi tawa.

Daga nan na koma kan fadawan nan nawa. Abubuwan da na yi ta tsallakewa a da don ban ga amfaninsu ba, sai ga su a fili. A irin wannan lokaci ba suna kaɗai suke sauyawa ba. Sukan sa a yi ta addu'o'i a ɗakunan ibada, a saki fursunoni, a raba wa tsofaffi abinci, a fara gyaran abin da ya rushe. Sunan shi ne na ƙarshe, bayan duk abin da hannu ya iya ya ƙare. Na daina ganin Alhaji Ɗanliti a cikinsu. Tsofaffi na gani sun kewaye wani yaro ƙarami da aka ɗora wa ƙasa a ka, sama ta yi musu abin da ba su gane ba, suna ta jayayya a kan harafi don kada su zauna shiru. Na rubuta haka. Na sa jujin bayan gidanmu a ciki, da kunnena.

Aka yi zaman kushe kamar kullum. Yaran nan suka sami abin faɗa, ba sa rasawa. Sensei ta jawo takardar ta sa hannu, ba ta ce ya yi kyau ba, don ba ta iya ba.

A gaban kwamiti wani Bature mai tabarau a kan hanci ya ce, "Kina nufin kin yarda abin yana aiki?"

Na ce, "A'a. Iskar ta zo, kuma 'yata ma sai da aka ƙara mata jini. Su ma sun san ba ya tare iska. Abin da nake cewa, ba a rubuta tarihin mutanen da ke cikin tsoro kamar ana rubuta na macuta ko na wawaye. Ni na yi hakan sau huɗu, ga malamata nan shaida ce."

Suka fitar da ni, suka dawo da ni, suka ce na wuce.

A kan benen nan dai muna saukowa, Sensei ta ce kamar mai zancen ruwan sama, "A ƙauyen kakata ma haka ake yi. In jariri ba shi da ƙwari sai a ajiye shi a mararraba, maƙwabciya ta tsinto shi, a sa masa suna Yasasshe."

Na tsaya cak. Na ce, "Sensei! Kin san wannan tun farko? Shekara guda kina kallona ina hawa benen nan ina sauka, da ƙarnin kifi da komai, ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Ba ki tambaye ni ba. Kina ta gaya mini camfi ne."

Wallahi da ba tsohuwa ba ce, da na san abin da zan ce mata. Sai na rungume ta, ta sandare kamar itace, don su ba sa haka.

Da hutu na je na ɗauko yarinyata. Muna shiga gidan Dagenham Anti Rifkatu ta ware hannuwa ta ce, "Oyoyo Nawal!" Yarinya ta laɓe a bayan zanina ta leƙo ta ce, "Ni Ajuji ce." Na ce a'a, a gidan nan dai Nawal ce, sunan da na zaɓa ke nan, shi ke jikin fasfo, magana ta ƙare. Na kafa doka, har Inna na gaya wa ta waya. Ta ce to, Allah ya ba da lada.

Hunturunta na farko a ƙasar ta tashi da zazzaɓi mai zafi. Mura ce kawai, Anti ta faɗa mini, ni ma na sani. Na naɗe ta a bargo na kai ta asibitin unguwa. Muna zaune a ɗakin jira, kanta a ƙirjina, zafin jikinta yana ratsa rigata, idanunta a rufe. Nas ta leƙo ta kira, "Nawal?" Na girgiza ta a hankali, ba ta motsa ba. Na sake, ba ta motsa ba. Ban san lokacin da na sunkuya na kai bakina kunnenta ba.

Na ce, "Ajuji. Ajuji, tashi, an zo kanmu."

Ta buɗe ido.